Tanbihi Ga 'Yan'uwa A Kan Bambancin Tazarar Haihuwa Da Yanke Zuriya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya halicci ɗan Adam, ya ɗaure shi da danginsa ta hanyar jini da ta aure. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa malamai da almajirai masu karanta wannan takarda, ku sani akwai wata mas'ala da ta yawaita a zaurukanmu. Maza suna kawo ta a fili bayan an tashi karatu, mata suna aiko ta a bakin tsofaffi. Mas'alar ita ce: shin ya halatta ga miji da mata su jinkirta haihuwa? Mun ga amsa ta rabu gida biyu. Waɗansu da jin tambayar sai su ce haram ne, makirci ne na ƙarar da Musulmi, ba su tsaya sun tambayi halin mai tambaya ba. Waɗansu kuwa sun ce duk abin da aka kawo daga asibiti daidai ne, ko an gane shi ko ba a gane ba. Dukansu biyu sun cuɗanya abu biyu waɗanda shari'a ta rarrabe, su ne tazara tsakanin haihuwa da haihuwa bisa yardar ma'aurata, da yanke zuriya ɗungum. Nufin jam'iyyarmu a wannan fitowa shi ne ta warware wannan cuɗanya, domin jini ya zuba saboda ita, kuma yana kan zuba.

Fasali na farko, a kan siffar abubuwan nan biyu

Malaman usulu sun ce ba a hukunta abu sai an san siffarsa. Saboda haka sai mu fara da siffa.

Tazara ita ce a hana ciki shiga zuwa wani lokaci, sa'an nan a sake shi. Hanyoyinta suna da yawa. Akwai azalu, watau miji ya zubar a waje, wannan tun zamanin sahabbai an san shi. Akwai shayarwa, gama mace mai ba jariri nono zalla dare da rana, wadda al'adarta ba ta komo ba, da wuya ta ɗauki ciki a watanni 6 na farko. Akwai ƙwaya da a ke sha kullum, da allura da a ke yi duk wata 3, da wani ɗan tsinke da a ke sawa ƙarƙashin fatar dantse ya yi shekara 3 zuwa 5, da wani da a ke sawa cikin mahaifa ya kai shekara 10. Abin da ya tara su duka shi ne, ranar da aka bari haihuwa tana komowa da ikon Allah, ko da ya ke bayan allura takan yi jinkirin waɗansu watanni.

Yanke zuriya kuwa aikin wuƙa ne. Ga namiji, likita yakan tsaga fata kaɗan ya datse waɗansu jijiyoyi biyu da ke ɗauko iri daga maraina. Wannan dabam ya ke da dandaƙa, gama sha'awa tana nan, ruwa yana nan, iri ne kaɗai ya yanke. Ga mace kuwa, sai a ɗaure ko a datse hanyoyi biyu da ƙwan haihuwa ke bi zuwa mahaifa, shi ne abin da mutane ke kira ɗaurin mahaifa. Al'adarta ba ta ɗaukewa, amma ciki ba ya shiga. Su kansu likitoci suna faɗi cewa an yi wannan aiki ne don ya dawwama, kuma mayar da shi yana da wuya, yana da tsada, ba kuma ko yaushe ya ke yiwuwa ba. To, ka ga ɗaya rufe ƙofa ne da mabuɗi a hannun mai ɗaki, ɗaya kuwa toshe ƙofar ne da tubali. Wanda ya ba su hukunci ɗaya ya zalunci ilmi.

Fasali na biyu, a kan abin da ya auku a ƙasar Hindu

Tilasta wa mutane yanke zuriya tsohon abu ne a wurin masu mulki. A Amurka, jihar Indiyana ta kafa dokarsa a 1907, babbar kotun ƙasar ta tabbatar da irin wannan doka a 1927 a shari'ar wata yarinya mai suna Carrie Buck, aka yi wa mutum fiye da 60,000 aiki da sunan wai su raunanan hankali ne ko marasa amfani. A Jamus, Hitila ya kafa tasa dokar a 1933, aka yi wa kimanin mutum 400,000. Amma mun zaɓi labarin ƙasar Hindu, wadda a ke kira Indiya, domin a can babu baƙon da ya riƙe wuƙa, 'yan ƙasa ne suka yi wa 'yan'uwansu, kuma da sunan taimakon talaka aka yi.

Asalin abin tsoro ne. Tun 1798 wani Bature na Ingila, Malthus, ya rubuta cewa mutane suna yawaita fiye da yadda abinci ke yawaita. A 1968 wani malamin Amurka, Paul Ehrlich, ya sabunta wannan magana, ya ce yunwa za ta kashe mutane ɗaruruwan miliyoyi nan da 'yan shekaru, ya kuma nuna Indiya da yatsa. Hukumar Indiya ta riga ta fara shirin ƙayyade iyali tun 1952, masu ba ta rance da taimako daga waje kuma suna matsa mata ta ƙara himma.

A watan Yuni 1975, daidai da 1395 ta Hijira, shugabar hukuma Indira Gandhi ta kafa dokar ta-ɓaci. Aka ɗaure abokan hamayya, aka rufe bakin jaridu. Ɗanta Sanjay Gandhi, wanda ba shi da wani muƙami a hukuma, ya ɗauki maganar rage haihuwa ya mai da ita babban aikinsa. Sai aka yanka wa ko wace jiha adadin mutanen da za ta kawo a yi musu aiki. Jiha ta raba adadin ga gundumomi, gunduma ta raba ga ma'aikata, har ya sauko kan ɗan sanda, da mai karɓar haraji, da malamin makaranta. A wurare da yawa an riƙe albashin malami sai ya kawo mutanen da aka ɗora masa. An hana mutane lasin sana'a, da rancen noma, da gidan hukuma, sai sun nuna takardar shaidar an yi musu aiki. Da adadi ya ƙi cika, sai 'yan sanda suka shiga kama mutane a tashoshin jirgi da bakin hanya, aka yi wa tsofaffin da sun riga sun bar haihuwa, aka yi wa samarin da ba su taɓa aure ba. Mazan ƙauye suka riƙa kwana a gonaki don gudun motar hukuma.

A watan Afrilu 1976, a unguwar Ƙofar Turkman cikin tsohon birnin Delhi, inda Musulmi ke da yawa, rushe gidajen talakawa ya haɗu da fushin wannan aiki, mutane suka tashi, 'yan sanda suka buɗe wuta, aka kashe mutane. A watan Oktoba aka sake harbe mutane a garin Muzaffarnagar. Ran 6 ga Nuwamba 1976, daidai da 1396, kafin asuba, 'yan sanda suka kewaye ƙauyen Uttawar a jihar Haryana, ƙauyen Musulmi manoma da suka ƙi miƙa wuya, aka tara maza aka loda su a motoci, aka yi wa ɗaruruwa aiki. Kada mai karatu ya zaci Musulmi kaɗai abin ya ci. Talakawan Hindu, musamman na ƙasƙantattun dangogi, su ma sun sha wuƙar, da yawan gaske. Abin da ya tara waɗanda aka kama shi ne talauci da rashin mai tsaya musu.

A cikin shekara guda ta lissafin hukuma, 1976 zuwa 1977, an yi wa mutum fiye da miliyan 8 aiki, watau dubu sau dubu har takwas, mafi yawansu maza. Aikin gaggawa ne, da kayan da ba a tsabtace sosai ba, fiye da mutum 1,000 suka mutu. Da aka yi zaɓe a watan Maris 1977 jama'a suka kayar da hukumar, Indira ta rasa kujerarta, ɗanta ma ya faɗi. Sabuwar hukuma ta naɗa alƙali Shah ya binciki ta'asar, har ta sake wa ma'aikatar suna don mutane sun tsani tsohon.

Duba abin da tilas ta haifa. A shekarar da ta biyo baya adadin ya faɗo ƙasa da miliyan 1, maza suka guji asibiti, sai nauyin ya koma kan mata. A ƙidayar lafiya ta 2019 zuwa 2021, an sami kimanin mata 38 cikin 100 na matan aure an ɗaure musu mahaifa, maza kuwa ba su kai 1 cikin 100 ba. A watan Nuwamba 2014, a gundumar Bilaspur, likita ɗaya ya yi wa mata 83 aiki cikin 'yan sa'o'i, mata 13 suka mutu a sansanonin yankin a waɗannan kwanaki. Sai a 2016 babbar kotun Indiya ta umarci a daina irin waɗannan sansanoni. Yunwar da aka yi ta tsoro kuwa ba ta zo yadda aka faɗa ba. Mutanen Indiya sun ninka, sun wuce miliyan 1,400 a 2023, ƙasar kuma tana noma abin da za ta ci har tana sayar da shinkafa waje.

Fa'ida biyu muka ciro daga wannan labari. Ta farko, duk ranar da aka rataya wa ma'aikaci adadi a wuya, aka ce abincinsa yana ga cika shi, to yardar talaka ta mutu, ko da doka ba ta ambaci tilas ba. Ta biyu, dangwala yatsa a takarda ba ya zama yarda in an yi shi da tsoro ko da yunwa. Mu mabiya mazhabar Imamu Malik mun fi kowa sanin wannan. A zamanin Halifa Mansur, gwamnan Madina Ja'afar ɗan Sulaimanu ya sa an yi wa Imamu Malik bulala har kafaɗarsa ta goce, saboda ya ƙi barin faɗin cewa sakin wanda aka tilasta ba ya aukuwa. In saki, wanda a ke iya yin kome bayansa, bai tabbata da tilas ba, ina ga aikin da ba shi da kome?

Fasali na uku, a kan hukunci

Malamai sun ƙidaya abubuwa 5 da shari'a ta zo don ta tsare, su ne addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa waɗansu sahabbai sun nemi izinin dandaƙe kansu, Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana su. In mutum bai mallaki wannan a jikin kansa ba, ta yaya sarki zai mallake shi a jikin talakansa? Kada kuma mu ɗauka wannan laifin waɗansu ne can nesa. Tarihin ƙasarmu ya ambaci babanni a fadojin sarakuna, kuma shari'a ba ta taɓa halatta abin da aka yi musu ba.

A watan Disamba 1988, daidai da Jimada Ula 1409, majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwaiti ta yanke abu uku. Na farko, bai halatta hukuma ta kafa doka ta gaba ɗaya mai ƙuntata wa ma'aurata a kan haihuwa ba. Na biyu, haram ne a tumɓuke ikon haihuwa daga namiji ko mace, sai in larura ta shari'a ta sa. Na uku, ya halatta a jinkirta ciki zuwa wani lokaci saboda bukata karɓaɓɓiya, bisa shawarar miji da mata da yardarsu, da sharaɗin babu cuta, hanyar kuma halal ce, ba a kuma taɓa cikin da ya riga ya shiga ba. Jam'iyyarmu tana kan wannan.

Larurar da a ke nufi ita ce irin ta macen da mahaifarta ta taɓa fashewa, ko aka yi mata yanka sau da yawa har wurin ya yi rauni, ko mai ciwon zuciya mai tsanani, wadda amintattun likitoci suka ce wani ciki zai iya zama ajalinta, babu kuma wata hanya ta wucin gadi da za ta isar mata. A nan tsare rai ya gabaci tsare zuriyar da ba ta samu ba. Amma ko a nan sai da saninta.

Dalilin halaccin tazara a bayyane ya ke. Jabir, Allah ya yarda da shi, ya ba da labarin cewa suna yin azalu alhali Alƙur'ani yana sauka, ba a hana su ba, wannan yana cikin Buhari da Muslim. Imamu Malik a Muwaɗɗa ya shar'anta cewa ba a yin azalu ga mace 'ya sai da izininta, gama tana da haƙƙi ga ɗa, tana da haƙƙi ga jin daɗin aure. Ku lura da wannan, ya ku almajirai. Tun fiye da shekara 1,200 da suka wuce malaminmu ya sa izinin mace ya zama sharaɗi. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara kuma ta rataya yaye kafin cikar shekara 2 ga yardar uwa da uba da shawararsu. In yaye yana bukatar bakin mutum biyu, to jinkirta ciki ya fi cancanta. Saboda haka miji ba ya hana matarsa haihuwa da ƙarfi, ba ya kuma tilasta mata cikin da zai halaka ta. Ita ma ba ta yi a ɓoye, sai ta fito da uzurinta, in miji ya ƙi ji alhali akwai cuta, a kai magana ga waliyyai da malamai.

Zubar da ciki wani babi ne dabam, kada a shigo da shi nan. Mashhurin mazhabarmu, kamar yadda Shaihu Dardir ya bayyana a sharhinsa na Muhtasar, shi ne ba a fitar da abin da ya zauna a mahaifa ko da bai kai kwana 40 ba.

In wani ya ce, ai Allah ya hana kashe 'ya'ya don tsoron talauci a Suratul An'ami da Suratul Isra'i, sai mu ce gaskiya ne, amma kisa yana aukuwa a kan rayayye, wanda ba a ɗauki cikinsa ba kuwa ba a kashe shi ba. Imamu Gazali ya rarrabe wannan a cikin Ihya'u, ya kuma ƙidaya tsare lafiyar mace cikin niyyoyin da ba a zargi mai azalu a kansu. Sai dai wanda ya yi don munana zato ga Allah, yana ganin shi ke ciyar da kansa, to laifinsa yana ga niyyarsa, sai ya gyara zuciyarsa. Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, wannan haka ya ke. Amma wanda ya yi alkawarin arziki shi ne ya wajabta wa uba ciyarwa da tufatarwa da tarbiyya, bai kuma yarda a tura yaro ɗan shekara 6 wani gari da ƙoƙo a hannu a ce an yi tawakkali ba.

In wani ya ce, ai Annabi ya kwaɗaitar da yawan zuriya don ya yi alfahari da al'ummarsa, sai mu ce haka ne, mu ma muna kwaɗayin wannan. Amma yawa yana samuwa ne da 'ya'yan da suka rayu, da uwayen da suka rayu. Macen da ta mutu a haihuwa ta huɗu saboda an ƙi ba ta hutu, 'ya'yan da za ta haifa nan gaba sun tafi tare da ita, waɗanda ta bari kuma sun zama marayu. Abu Dawuda ya ruwaito gargaɗi a kan zamanin da Musulmi za su yi yawa amma ba su da nauyi, kamar tarkacen da ambaliya ke ɗauka.

Fasali na huɗu, a kan abin da ya shafe mu

Ku yi lissafi. Alƙur'ani ya ambaci shekara 2 cikakku ga mai son cika shayarwa, watau wata 24. Ƙara wata 9 na ciki, ka sami wata 33 tsakanin ɗa da ƙanensa. Hukumar Lafiya ta Duniya, bayan taron masananta a 2005, ta shawarci mace ta dakata aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin ta ɗauki wani ciki. Lissafin ya zo ɗaya. Kakanninmu ma sun san wannan ba tare da likita ba. Mace takan tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta daɗe tana jego, wadda ta yi kwanika kuwa har gori a ke yi mata, don an ga yadda na goye ke ramewa in ciki ya shiga. To, wanda ya ce tazara baƙuwa ce a ƙasar Hausa bai tambayi kakarsa ba. Yanzu kuwa waccan al'ada ta yi rauni, ba a kuma maye gurbinta da kome ba. A lissafin hukumar nan na 2020, mata kimanin 82,000 suka mutu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da ɗaya cikin huɗu na dukan duniya. Ko wane malami a cikinmu ya sallaci irin waɗannan gawawwaki.

Mun san dalilin tsoron jama'a. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani a kan yara kimanin 200, 11 suka mutu, iyaye suka ce ba a bayyana musu gwaji ne ba, kamfani ya musanta, aka yi ta shari'a har aka sasanta da hukumar Kano a 2009. A kan wannan rauni ne jita-jita ta sauka a 2003, aka ce allurar shan inna tana ɗauke da maganin hana haihuwa. Kano da Zamfara da Kaduna suka tsai da ita, Kano ba ta komo ba sai a watan Yuli 2004, bayan an yi gwaje-gwaje an kuma kawo maganin daga Indunusiya. A tsakanin nan cutar ta yaɗu, ta tsallaka zuwa ƙasashe kimanin 20, yara suka shanye. Yaran da aka ɗiga wa maganin a waɗancan shekaru ga su nan sun girma, sun yi aure, suna haihuwa, muna zuwa sunan 'ya'yansu. A watan Agusta 2020 aka shaida cewa asalin ƙwayar cutar mai yawo da kanta ta ƙare a Afirka. Tsoron yana da tushe, amma labarin ƙarya ne, waɗanda suka biya kuɗinsa kuwa yara ne masu jan gindi a bakin kasuwa. Suratul Hujurati ta umarce mu da bincika labari kafin mu cuci mutane da jahilci. Malamin da ya hau mumbari da labarin da bai tabbatar ba zai amsa tambaya a kan ko wace ƙafa da ta shanye.

Kammalawa, a kan abin da mu ke roƙo

Ga malamai, in an kawo muku wannan tambaya, ku tambaya kafin ku amsa. Tazara a ke nufi ko yankewa? Su biyun sun yarda? Mene ne uzurin? Yaya lafiyar matar? Wata nawa ne ɗan da ke bayanta? Wanda ya amsa da kalma ɗaya, ko haram ko halal, bai ba mas'alar haƙƙinta ba.

Ga mazaje, matanku amana ce da kuka karɓa da kalmar Allah. Manomi ma yakan bar gona ta huta. Ku raka su asibiti, ku ji bayani da kunnenku, kada kunya ta sa ku bar su su kaɗai da takardar da ba su iya karantawa ba.

Ga likitoci da unguwarzoma, ku yi bayani da harshen da mace ke ji, ku faɗa mata a fili wanne ne mai komowa, wanne ne ba ya komowa, da abin da ko wanne ke jawowa a jiki. Kada ku nemi sa hannu daga mace tana kan gwiwa. A 2014 babbar kotun Namibiya ta yi hukunci a kan mata 3 masu ɗauke da ƙwayar ƙanjamau da aka ɗaure wa mahaifa bayan sun sa hannu cikin naƙuda, ta ce wannan bai zama yarda ba. Abin da alƙalan can suka gano, fiƙihunmu ya riga ya faɗe shi.

Ga masu mulki, kada ku yanka wa ma'aikaci adadi, kada ku rataya abinci ko magani ko taki ga barin haihuwa, kada ku karɓi taimakon da aka ɗaura wa irin wannan sharaɗi. In kuna son lafiyar uwaye, ku kusanto da asibiti, ku tanadi jini da ungozoma, ku buɗe wa 'ya'ya mata ƙofar ilmi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga almajirai, ku koma ga babin aure da babin shayarwa a littattafanku, ku karanta su da natsuwa a gaban malamanku, domin gobe ku za a tambaya. Ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan takarda, a zaure da cikin gida.

Wannan shi ne abin da ya sawwaƙa. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa bisa Musulunci, ya ba marasa haihuwa zuriya ta gari, ya ji ƙan uwayen da suka rasu a kan gwiwa, ya tsare mu daga zaluncin mai ƙarfi da fatawar da babu ilmi. Allah shi ne mafi sani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.